WA YA KE ZAƁA WA ƊAN TALAKA ABIN DA ZAI KARANTA?

Jawabin da aka yi wa jama'a a Unguwar Shanu, Kaduna

Ya ku 'yan'uwa talakawa, 'yan kasuwa da masu sana'a, kowannenmu ya san kuɗin littafi da na rigar makaranta. Amma mu nawa ne muka taɓa tambaya, shin me ake zuba wa yaran nan a ka?

Wannan tsari na abin da za a koyar shi ake kira manhaja. Ilmi ne mai zaman kansa, malamai na nazarinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Abin da nazarin ya nuna shi ne, wanda ya tsara manhaja shi ya tsara irin mutanen da za a samu gobe.

Ga misali. A 1909 Ɗan Hausa ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano. 'Ya'yan sarakuna ajinsu dabam, malamai dabam, masu koyon sana'a dabam. Bature na bukatar masu riƙe masa mulki da masu rubuta masa haraji, sai ya tsara karatu daidai bukatarsa. Ba a shawarci manomi ba, balle ɗan tireda.

Sai a 1969 aka yi babban taro a Ikko, 'yan ƙasa suka zauna suka tambayi kansu wane ilmi ne zai amfane su. Daga nan aka sami Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1977. Duk da haka, daga baya aka wayi gari an cire darasin Tarihi daga ƙananan makarantu, yara suka yi shekaru ba sa jin labarin Shehu Usmanu ko Sarauniya Amina a aji na musamman. Sai da jama'a suka yi ta kuka kana aka ba da umurnin mai da shi. Ashe kukan talaka na da amfani in ya haɗa baki!

To, jama'a, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. In an kira taron iyaye da malamai, mu rufe rumfa na awa guda mu je. Mu tambaya cikin ladabi: yaron da ya gama aji shida zai iya rubuta wasiƙa? Zai iya lissafin uwar kuɗi da riba? Ya san haƙƙinsa na ɗan ƙasa?

Da harajinmu aka gina makarantun nan, 'ya'yan kuma namu ne. Allah ya ba mu ikon kula. Amin.