Cerin Chile a Tsakiyar Hunturu

A watan Disamba, sa'ad da sanyi ya rufe gonakin Turai da Sin, manyan kantunansu ba sa rasa jan ceri. Daga Chile ake kawo shi, inda lokacin zafi ake ciki, ana tsinka daga Nuwamba har Janairu.

Mafi yawansa Sin yake tafiya saboda Sabuwar Shekararsu. A wurinsu ja alamar sa'a ne, kwalin ceri kuwa tsarabar girmamawa. Jirgin ruwa kan yi kusan mako uku daga tashar Valparaíso, kayan na cikin sanyi dab da sifiri. In wutar kwantena ta ɗauke, asara ta tabbata. Masu kantunan Ingila da ke son nunan fari jirgin sama suke biya, mai saye kuma ya ji a aljihunsa.