Harsashi da Takardar Gida: Darasi Daga Shikago



Duk sa'ad da aka tayar da zancen harbe-harbe a unguwannin baƙar fata na Amurka, akwai malamai, har a cikin wannan zaure, da amsarsu take a baki: tarbiyya ce ta lalace, iyaye maza sun bar gida, yara sun faɗa daba. Jami'an gwamnati su ma tasu ba ta sauyawa, wato a ƙaro 'yan sanda. Wannan lacca tana jayayya da ɓangarorin biyu. Tarihin bauta da wariyar launin fata kowa a nan ya san shi. Abin da ake tsallakewa shi ne lissafin kuɗi.

A 2021 bindiga ta ci ran mutum 48,830 a Amurka. Fiye da rabinsu kashe kansu suka yi, kusan 21,000 kuma kashe su aka yi. Baƙar fata kimanin kashi 13 cikin 100 ne na jama'ar ƙasar, amma su ne fiye da rabin waɗanda aka kashe ɗin. A Shikago kaɗai an yi kisan kai kusan 800 a wannan shekara, akasari a 'yan unguwanni na kudu da yammacin birnin. Ɗaya daga cikinsu ita ce North Lawndale, inda Martin Luther King ya kama haya a 1966 don ya nuna wa duniya irin gidajen da ake cusa mutanensa.

Yadda unguwar ta talauce yana nan a rubuce. A shekarun 1930 wata hukumar gwamnatin tarayya ta zana taswirar birane, ta shafa wa unguwannin baƙar fata jan launi, alamar cewa ba da rance a can haɗari ne. Hukumar inshorar rancen gidaje da aka kafa a 1934 ita ma ta juya musu baya, bankuna suka bi sahu. Sai dillalai suka samu kasuwa. Dillali zai tsorata farar fata cewa baƙaƙe na zuwa, ya saye gidansa a wulaƙance, ya juya ya sayar wa baƙin mutum a kusan ninki biyu bisa wata yarjejeniya ta biya kaɗan-kaɗan. Mai saye ya ba da kafin alƙalami, yana biya duk wata, gyaran rufi da haraji duk a wuyansa, amma takardar gida tana hannun dillali sai ranar da aka biya kwabo na ƙarshe. Idan wata ɗaya ya kuɓuce masa, an kore shi, duk abin da ya zuba ya tafi, gidan kuma a sake sayar wa wani. Magidanta suka riƙa yin aiki biyu, har uku, suna barin yara ba mai kula. Masu kukan cewa iyaye ba sa gida ya kamata su tambayi abin da ya fitar da su.

Binciken da cibiyar Samuel DuBois Cook ta Jami'ar Duke ta fitar a 2019 ya ƙiyasta cewa kashi 75 zuwa 95 cikin 100 na gidajen da baƙar fata suka saya a Shikago a shekarun 1950 da 1960 ta wannan hanya aka sayar musu. Dukiyar da aka tatsa daga hannunsu ta kai dala biliyan 3.2 zuwa 4. A birni ɗaya ke nan, cikin shekara ashirin. Wannan kuɗi shi ne da zai zama gado, jarin shago da kuɗin makarantar jikoki. Mazauna North Lawndale sun kafa ƙungiyar masu sayen gida a 1968, suka yi yajin biya, wasu suka samu aka sassauta musu sharuɗɗa. Kuɗin da ya riga ya fita bai dawo ba.

Daga nan masana'antu suka kwashe. William Julius Wilson ya bi sawun wannan a littafinsa na 1996, When Work Disappears: kamfanin International Harvester ya rufe, Sears ya ɗauke hedikwatarsa, masana'antar Western Electric da ta taɓa ɗaukar ma'aikata sama da 40,000 ta mutu. A ƙididdigar babban bankin Amurka ta 2022, matsakaicin gidan farar fata yana da dukiyar dala 285,000, na baƙar fata kuwa 44,900.

Masu cewa matsalar yawan bindiga ce suna da gaskiyarsu, domin fiye da rabin bindigogin da 'yan sandan Shikago ke kamawa daga wasu jihohi ake shigo da su, musamman Indiyana. Sai dai hanyar Indiyana a buɗe take ga kowace unguwa, gawarwaki kuwa a unguwanni ƙalilan ake ɗauka.

An ma gwada maganin an gani. Mai bincike Sara Heller ta bibiyi matasa 1,634 daga makarantun Shikago da ke unguwanni masu fama da rikici. Aka yi ƙuri'a, wasu suka samu aikin hutu na mako takwas da mafi ƙarancin albashi. Sakamakon da mujallar Science ta buga a 2014 ya nuna cewa cikin wata 16 kamun da aka yi musu kan laifin tashin hankali ya ragu da kashi 43 cikin 100. A birnin Filadalfiya, share kangwaye da shuka ciyawa kawai ya rage harbi da kashi 29 cikin 100 a unguwannin matalauta.

Saboda haka abin yi a fili yake. Aikin hutu na matasa ya shiga kasafin kuɗin birni na dindindin, a daina jiran tallafin masu hannu da shuni. Sannan a biya diyyar gidaje ga waɗanda aka cuta da zuriyarsu. Garin Evanston, maƙwabcin Shikago, ya soma a 2021, yana ba da dala 25,000 ga baƙar fata da suka zauna a garin tsakanin 1919 da 1969 ko 'ya'yansu da jikokinsu, daga harajin tabar wiwi. Kuɗin ya yi kaɗan, biyan ma yana tafiyar hawainiya. Shikago, inda aka riga aka ƙididdige asarar har zuwa dala biliyan 4, ita ya kamata ta biyo baya, ta fara da North Lawndale.