Tsutsar Kwamfuta: Mu Tsare Amanar da Ke Hannunmu

(Jawabin da aka gabatar a taron horar da sakatarorin ikilisiyoyi)



Dukanmu mun san yadda ƙwaro ke shiga rumbu ya cinye hatsi, mai rumbu bai sani ba sai ranar da ya buɗe. Yau za mu yi magana a kan wani irin ƙwaro da ke shiga kwamfuta, wanda masana ke kira tsutsa. A ofisoshin ikilisiyoyi da asibitocinmu, a kwamfuta muke ajiye sunayen gwauraye da marayu, lissafin baiko, da jerin waɗanda za su karɓi hatsi da magani. Idan bayanan nan suka salwanta, mabukata ne za su sha wahala.

Mece ce tsutsa? Wata muguwar manhaja ce da mutum ya rubuta da gangan. Da ta shiga kwamfuta ɗaya, sai ta riƙa kwafar kanta tana tsallakawa zuwa wasu ta intanet, ta saƙon imel, ko ta filash, sau da yawa ba tare da kowa ya taɓa komai ba.

Wannan ba sabon abu ba ne. A watan Nuwamba 1988 wani ɗalibi a Amurka, Robert Morris, ya saki tsutsar da ta tsayar da dubban kwamfutoci. A watan Mayu 2000 wata ta fito daga ƙasar Filifin a kamannin wasiƙar soyayya. Duk wanda ya buɗe ta, sai ta aika kanta ga mutanen da ke cikin jerin adireshinsa. A 2008 Conficker ta bayyana, daga baya ta riƙa bin filash. A watan Mayu 2017 WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har asibitocin Ingila suka ɗage aikin tiyata. Abin lura shi ne, kamfanin Microsoft ya fitar da gyaran da ke toshe wannan ƙofa tun watan Maris. Waɗanda ba su sa gyaran ba, su ne suka faɗa hannunta.

To, me za mu yi?

Na ɗaya, mu bar kwamfuta ta riƙa sabunta kanta. Windows XP ta daina samun gyara tun 2014, Windows 7 kuma tun 2020, saboda haka kada mu haɗa irin waɗannan da intanet.

Na biyu, mu sa manhajar rigakafi, mu riƙa sabunta ta.

Na uku, filash ɗin da aka kai shagon buga takardu a gari, a bincike shi kafin a buɗe shi.

Na huɗu, kada mu buɗe maƙalar saƙon da ba mu sa ran zuwansa ba, ko da sunan Fasto ya zo. Mu kira shi mu tambaya.

Na biyar, kowane mako mu kwafi bayananmu a wani wuri dabam, mu cire shi daga jikin kwamfuta. Littafin rajista na takarda ma kada a yar da shi.

Idan kwamfuta ta soma nauyi ba dalili, ko fayiloli suna ɓacewa, a raba ta da intanet nan take, a kira wanda ya san aikin. Kada kunya ta sa mu ɓoye.

'Yan'uwa, Yusufu ya tanadi hatsi a Masar tun kafin yunwa ta zo. Mu ma wakilai ne a kan abin da aka danƙa mana. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙe shi da aminci. Amin.