Kuɗin Agusta, Kuɗin Nuwamba: Jawabi a Taron Ƙungiya, Al Asmakh, Doha



Bara sau uku ina aika kuɗin hatsi gida, tsakanin Yuni da Agusta. Da na zauna na yi lissafi, sai na ga abin da ƙanena ya sayar da araha da kaka, shi muka koma saya da tsada. Na san ba ni kaɗai ba ne. Duk wanda ya bi layin aika kuɗi nan Al Asmakh ranar Juma'a ya ji irin wayar da ake yi.

Wake ya fi ci mini rai. Tsoron ƙwari ke sa a rabu da shi da wuri, wasu kuma su zuba masa maganin da ke cutar da mai ci. Alhali ga buhun PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta fito da shi, aka fara yaɗa shi a ƙasashenmu a 2007: leda biyu a ciki, buhu a waje. In an ɗaure kowanne tam, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba magani. Sai waken ya kai bazara, lokacin da ya yi daraja a Dawanau. A dai kiyaye ɓera, domin da ya huda ledar an gama.

Ita ma gonar tana neman gyara, damina ta daina cika alkawari. A yankin Maraɗi, tun 1983 manoma suka fara barin kututture ya toho, suna rage masa rassa, abin da suke kira sassaben zamani. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, bai hana gero rana, ga taki, ga 'ya'yansa abincin awaki da rani. Mu a gonarmu da hannuna na sare guda biyu ina saurayi, har ana yaba mini ƙwazo.

Amma buhu bai hana mutum sayarwa in bashin taki da kuɗin makaranta sun taso masa da kaka. Shi ya sa na ce wa ƙanena bana a Nuwamba zan aiko, ya biya bashi, ya sayi buhuna, ya ɗaure wakensa. Ya ce in ba haka farashin ya tafi ba fa? Na ce asarar tawa ce.

Shugaba, ina roƙon a sa maganar asusun kaka cikin ajandar zama na gaba.