Gudun Mota a Filin Tsere: Wa Zai Ɗauki Alhaki?

 

An nemi mu yi magana kan tarbiyyar matasa, sai muka zaɓi wani ɓangare da ba a cika taɓawa ba. Allah Ya buɗa wa wasunmu, 'ya'yanmu na karatu a Ingila da Dubai, kuma motoci masu ƙarfin gaske sun shiga hannunsu. A can akwai wata al'ada: a kan ware rana a buɗe filin tseren motoci ga kowa, mutum ya biya kuɗi ya shiga da motarsa ya gwada iyakar gudunta. Ana yin haka a Silverstone ta Ingila, da filin Yas Marina na Abu Dhabi da aka buɗe a 2009, da Nurburgring ta Jamus, wadda zagayenta ɗaya ya haura kilomita 20.

Bari mu fara da lissafi, tunda shi muka koyar. Motar da ke gudun kilomita 200 a sa'a tana cin kusan mita 55 a daƙiƙa ɗaya, wato rabin filin ƙwallo kafin direba ya ɗaga ƙafa ya taka birki. Idan gudu ya ninka biyu, ƙarfin karo ninkawa yake yi huɗu, haka ma tazarar tsayawa. Birkin motar gida kuwa ba don wannan aka yi shi ba. Bayan 'yan zagaye man birki kan tafasa, direba ya taka ya ji wayam. Turawa da jini suka koyi darasin nan. A 1955, a tseren Le Mans na Faransa, mota ta yi tsalle ta tarwatse cikin 'yan kallo, mutum fiye da 80 suka mutu, har ƙasar Suwizalan ta haramta irin wannan tsere na shekaru masu yawa.

Saboda haka suka gindaya sharuɗɗa. Dole a sa hular kwano, a saurari bayani kafin a shiga, a yi biyayya ga tuta: rawaya ta ce akwai haɗari a gaba, ja ta ce a dakatar da gudu. Akwai shinge, akwai motar asibiti a shirye.

Duk da haka, idan tsautsayi ya auku, wa zai biya? Inshorar mota ta yau da kullum ba ta rufe abin da ya faru a filin tsere, sai an sayi ta musamman. Kafin a shiga kuma sai mutum ya sa hannu a takarda cewa da saninsa ya ɗauki kasadar. A bisa al'adar wurin, idan motoci biyu suka yi karo kowa shi zai gyara tasa. A Nurburgring, wanda ya daki shinge shi zai biya kuɗin gyaransa, har da na lokacin da aka rufe hanya dominsa. Amma takardar tana da iyaka. Tun 1977 dokar Ingila ta hana mai fili fakewa da ita idan sakacinsa ne ya jawo mutuwa ko rauni. A Amurka kuwa kotunan jihohi da dama suna karɓarta, sai dai in sakacin ya yi muni ƙwarai. Don haka duk wanda ɗansa zai shiga, ya tambaye shi abin da ya sa wa hannu, da kuma inshorar da ya saya.

To, mu dawo gida. Abin da muke gani a titunan Abuja da Kano da Kaduna, musamman ranar kai amarya, shi ne wasan mota: yara su riƙa juya mota tana ƙara, taya na hayaƙi, jama'a sun kewaye su. Babu shinge, babu tuta, babu likita. Mai tallan gyaɗa da almajirin da ke gefen titi ba su sa hannu a takardar kowa ba. Hukuma za ta tuhumi direba da tuƙin ganganci. Shari'ar Musulunci kuma ta ɗora diyyar raƙumi 100 a kan kisan kuskure, wadda dangin mai laifi ne ke haɗa ta, sannan shi ya yi kaffarar azumin wata biyu a jere. Kun ga ke nan maganar ta shafi zuriya gaba ɗaya.

Muna roƙon iyaye kada su miƙa makulli ga yaron da bai da lasin. Muna kuma ba ƙungiya shawara ta yanke cewa duk bikin ɗan garinmu, a gida ko a birni, ba za a yi wasan mota a rakiyar amarya ba, kuma dattawan kowane reshe su sa ido. Rigakafi ya fi magani.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.