Takarda Ma Ganau Ce: Neman Bayanan Asali a Jaridu da Fayilolin Gwamnati Domin Nazarin Al'umma

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani na ɗaliban nazarin al'umma da al'adu

Gabatarwa



An san mai nazarin al'umma da shiga cikin mutane. Yakan zauna a zaure, ya zaga kasuwa, ya halarci suna da biki da jana'iza, ya durƙusa gaban tsofaffi yana tambaya. Wannan shi ne gishirin aikin. Amma dattijon da ya fi kowa shekaru a garinku yau bai ga shigar Turawa Kano a 1903 ba, bai kuma ga yunwar Kakalaba ta 1914 ba. Shi ma ji ya yi. Ganau ɗin da suka rage mana daga wancan zamani su ne takardun da aka rubuta a lokacin da abin ke faruwa, waɗanda muke kira bayanan asali. Wannan takarda za ta nuna inda ake samun su a fayilolin gwamnati da jaridu, da yadda ake yi musu tambaya kafin a gaskata su.

Fayilolin gwamnati

An kafa gidan adana takardun tarihi na Nijeriya a 1954 bisa ƙoƙarin Kenneth Dike, kuma manyan rassansa suna Ibadan da Inugu da Kaduna. Reshen Kaduna ne rumbun mai nazarin Arewa. A can takardun ofishin sakataren lardunan Arewa suke, ƙarƙashin alamar SNP, sai kuma na kowane lardi da tasa alamar, kamar KANPROF na Kano, da ZARPROF na Zariya, da SOKPROF na Sakkwato.

Mafi daraja a cikinsu ga mai nazarin al'ada su ne rahotannin ƙiyasin haraji. Kafin a yanka wa gunduma haraji, Di'o ko mataimakinsa yakan yi rangadi ƙauye ƙauye tare da tafinta da malaman hakimi. Yakan rubuta asalin garin da jerin sarakunansa, da yawan magidanta, da abin da ake nomawa, da adadin masaƙa da marina da maƙera da mahauta, da ranar da kasuwa ke ci, har da farashin dawa da gero. Kuɗi yake nema, amma a hanyar nemansa ya bar mana hoton rayuwar ƙauye. Bayan waɗannan akwai rahoton shekara na Razdan, da takardun jangali, da na rikicin iyaka, da wasiƙun sarakuna da Larabci da ajami waɗanda aka maƙala cikin fayilolin Turanci.

Tsofaffin littattafan da muke ji da su daga irin waɗannan takardu suka fito. Littafin da Olive Temple ta tattara kan ƙabilun lardunan Arewa, wanda ya fito a 1919, daga rahotannin ma'aikata aka haɗa shi. Na C. K. Meek na 1925 kuwa ya samo tushe daga ƙidayar 1921. Wanda ya tsaya ga waɗannan littattafai ruwan tulu ya sha, rijiyar tana Kaduna.

Kundin alƙalai wani ma'adini ne daban, domin a nan ne talaka yake magana da bakinsa. Allan Christelow ya fassara shari'o'in majalisar Sarkin Kano Abbas na 1913 da 1914 daga Larabci, ya buga su a 1994. A irin wannan kundi ake ganin rikicin gona da gida, da sata, da batun bayi, wato abubuwan da rahoton Razdan kan dunƙule a layi biyu. Paul Lovejoy da Jan Hogendorn ma da takardun Kaduna suka bi sawun yadda bauta ta riƙa mutuwa a hankali har zuwa dokar 1936.

Ba reshen Kaduna kaɗai ba ne. Akwai Gidan Arewa da aka kafa a 1970 a gidan Sardauna, da hukumar tarihi da al'adu ta Kano, da ta Waziri Junaidu a Sakkwato. Mai nazarin Damagaram ko Maraɗi ko Tasawa zai nufi gidan takardun tarihi na Yamai, ya kuma sani cewa wani kaso na takardun mulkin Faransa yana Dakar, wani yana Faransa. Na bayan mulkin kai ma suna da amfani, misali rahoton kwamitin Mai Shari'a Aniagolu kan rikicin Maitatsine na 1980 a Kano, da bayanan zaman majalisu, da gazet ɗin gwamnati.

Jaridu

A watan Janairun 1939 Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, Malam Abubakar Imam yana edita. Ɗalibi kan buɗe tsohuwar jarida ya tsaya kan babban labarin shafin farko. Shawarata ita ce ya wuce ciki. Wasiƙun masu karatu su ne zauren hirar wancan zamani, inda malamin makaranta da akawun En'e da tsohon soja suke jayayya kan tsadar aure, da karatun 'ya'ya mata, da halin samari. Tallace-tallace suna nuna lokacin da keke da sabulu da shayi suka shiga gidan Bahaushe. Sanarwar naɗin sarauta da ta rasuwa suna taimakawa wajen tsayar da shekarar da maganar baka ta bari a buɗe. Ita kanta Hausar jaridar shaida ce, domin a nan ake ganin sa'ad da wata kalmar aro ta samu gindin zama.

Akwai Nigerian Citizen da ta fara a 1948, wadda New Nigerian ta gaje ta a 1966. A zamanin hukumar NORLA an yi jaridun larduna irin su Himma ta Katsina, da Zaruma ta Sakkwato, da Sodangi ta Kano, waɗanda suka fi kusa da labarin ƙauye. Daga baya kamfanin Triumph na Kano ya fitar da Alfijir da rubutun ajami, ta isa ga masu karatun allo waɗanda boko bai kai gare su ba.

Dabarun nema

Kafin ka hau mota, ka san gundumar da garinka yake ciki a zamanin En'e, da lardinsa, domin fayil bai san ƙaramar hukuma ko jihar yau ba. Ka rubuta duk yadda Bature zai iya karkata sunan garin, tunda Katsina ma ta sha fitowa a matsayin Katsena, Tasawa kuwa Tessaoua take a takardun Faransawa. Ka nemi abu da sunan da hukuma ta ba shi. Mai binciken bori zai fi samun sa a fayilolin haramci da shari'a, mai binciken fatauci kuma a takardun kuɗin fito da na kasuwanni. Ka bi ƙasan shafukan littattafan magabata ka kwashi lambobin fayil, domin kowace lamba ƙofa ce, kuma maƙwabtan fayil ɗin sukan fi shi amfani. Duk abin da ka kwafa, ka haɗa da lambar fayil da kwanan wata da sunan marubuci nan take.

Yi wa takarda tambaya

A nan ne aikin yake. Marigayi Dakta Yusufu Bala Usman ya daɗe yana jan kunnen ɗalibai cewa rubutu ba ya mai da magana gaskiya. Idan dattijo ya ba mu labari mukan tambaya ɗan wane gida ne, kuma me ke tsakaninsa da gidan sarauta. Haka za mu yi wa takarda. Wa ya rubuta ta, wa ya rubuta wa, me yake so ta jawo masa?

A ɗauki rahoton haraji. Maganar ta fito daga bakin manomi mai tsoron a ƙara masa kuɗi, ta bi ta kan dagaci da ke tsoron hakimi, ta ratsa tafinta, sannan ta isa alƙalamin Baturen da ke neman yabon Razdan. Idan rahoton ya ce shanu sun ragu, wataƙila ciwo ne, wataƙila kuma makiyaya sun ji labarin rangadi sun tsallaka iyaka saboda jangali. Lambar da ke kan takardar tana iya zama ƙarya game da shanu, amma gaskiya ce game da dangantakar talaka da hukuma. Haka kalmomi irin su "arna" da "Haɓe" a fayil suna gaya mana yadda mai mulki da tafintansa suka kasa mutane, wanda sau da yawa ya saɓa da sunan da mutanen ke kiran kansu.

Jarida ma da ubangidanta. Gaskiya Ta Fi Kwabo a inuwar gwamnati ta tashi, don haka mai son jin muryar 'yan NEPU sai ya haɗa da jarida irin Daily Comet ta Kano. Masu rubuta wasiƙu kuwa 'yan boko ne, galibinsu maza mazauna gari.

Sai kuma waɗanda takarda ta yi shiru a kansu. M. G. Smith ya yi aiki a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950, ya haɗa takardun hukuma da hirar dattawa. Amma rayuwar cikin gida, da kishi da ƙawance da goyo da zaman kulle, sai da matarsa Mary ta zauna da Baba ta Karo sannan aka ji su, a littafin da ya fito a 1954. Babu fayil ɗin da ya ƙunshi abin da wannan tsohuwa ta faɗa. Darasin shi ne a ɗauki abin da aka samu a Kaduna a koma da shi zaure da tsakar gida, a karanta wa jikokin waɗanda aka rubuta, a ji inda za su gyaɗa kai da inda za su yi dariya.

Kammalawa

Takarda ganau ce, amma ganau mai ido ɗaya. Fayil ya ga haraji, jarida ta ga birni, kundin alƙali ya ga rigima, tsohuwa ta ga cikin gida, kuma sai an tara su a tabarma ɗaya hoton yake cika. Kirana ga sassan jami'o'inmu shi ne su sa ziyarar gidan takardun tarihi da karatun ajami cikin horon kowane ɗalibin bincike. Ga hukumomi da masarautu kuwa, takardar da ta haura shekara ɗari ba ta jure gara da danshi da ƙura, saboda haka a gaggauta ɗaukar hotonsu a adana a kwamfuta. Ku kuma 'yan'uwa ɗalibai, kafin ku nufi Kaduna ku fara buɗe adakar kakanku, domin rasiɗin haraji da takardar gado da ke ciki su ma bayanan asali ne.