Jawabin Yaye Jami'an Kula da Sharar Asibiti a Garwa



Jami'an da ake yayewa a yau za su riƙe aikin da ba a cika ambatonsa a taro ba, wato bin sawun allura da auduga mai jini tun daga gefen gadon majinyaci har zuwa inda za a hallaka su. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi 85 cikin 100 na sharar asibiti ba ta da bambanci da ta gida, kashi 15 ne kawai ke ɗauke da haɗari, amma da zarar an jefa sirinji ɗaya a kwandon takardu, kwandon duka ya koma mai haɗari, kuma kuɗin jigilarsa da na ƙona shi sun ninka. Sirinjin da ya sulale zuwa bola kuwa, sau da yawa a hannun yaro yake ƙarewa, yana zuƙar ruwa da shi yana fesa wa abokansa.

Kamaru tana da dokar muhalli tun 1996, a 2012 kuma aka fitar da ƙa'idojin tantance shara da tattara ta da jigilarta. Abin da takarda ba za ta warware ba shi ne nisa da zafi. Jihar Arewa ta tashi daga Gidar a Mayo Luti, ta bi ta Poli a Faro, har zuwa Cholire da Tuboro a Mayo Rey, inda hanyoyi da dama ke yankewa da damina. A Maris da Afrilu zafin Garwa yakan haura digiri 40, alhali shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada sharar da ke ɗauke da ƙwayoyin cuta ta wuce awa 24 a ajiye a lokacin zafi, ko awa 48 a lokacin sanyi, sai dai a ɗakin sanyaya. Tsarin da ya ce a kawo komai tanderun ƙona shara ɗaya a Garwa ya manta da watan Agusta.

Saboda haka rabon aikin ya kamata ya bi yanayin sharar kanta. Allurai, idan an zuba su a akwatin kwali mai lita 5 aka rufe shi kafin ya cika maƙil, suna jure jira, don haka mota rufaffiya, wadda ba ta ɗaukar magani ko abinci, za ta iya zagayawa ta kwashe su a ranakun da aka tsayar, ana rubuta adadin akwatuna a mafari da kuma a maƙura. Jiƙaƙƙiyar shara, kamar mabiyiya, ba ta jira, sai a tanadar mata rami mai murfi a harabar asibitin, nesa da rijiya, tare da mutunta iyalan da suka saba karɓar mabiyiya su binne da kansu.

Tanderun ma yana da sharaɗi, domin ƙona ledar ƙarin ruwa a wutar da ba ta kai digiri 850 ba yana sakin dayoksin, wato guba mai daɗewa a ƙasa da jikin dabbobi, wadda Yarjejeniyar Stokholm ta 2001 ta nemi a rage. Tanderun da babu kasafin mansa da mai gyaransa yakan koma ramin ƙona shara mai baƙin hayaƙi, shi ya sa ake roƙon masu rabon kuɗi da ke zaune a nan su sa mai da gyara a kasafin kowace shekara.

Yanzu za a kira ɗalibai ɗaya bayan ɗaya domin karɓar takardun shaidarsu.